Hitar Lwandile

Litinin, 9 ga Yuni, da yamma

An kawo hitar ruwan wanka. Doguwa ce cikin kwali, maza uku suka sauke ta daga bayan mota, rabin layinmu na nan Mdantsane ya fito kallo. Ƙanena Lwandile ne ya saya daga can birnin Kapa, ta wayar hannunsa, ko tashi daga kujera bai yi ba. Mama ta sa na fito mata da kujera bakin ƙofa, ta lulluɓa da bargo saboda hunturu ya kama, duk wanda ya gifta sai ta ce, "Ɗana ne ya aiko." Har mai kwashe shara ta faɗa wa.

Tsohuwar hitar ta mutu tun kafin Baba ya rasu. Tun da na dawo gidan nan ni ke dafa ruwa a babbar tukunya, in sirka a bokiti, in kai banɗaki. Bayan abin da ya sami Mama lokacin Ista, da hannunta na hagu ya daina jin magana, ni ke cuɗa mata baya, in tsane ta, in shafa mata mai. Ban taɓa jin ta tare mai kwashe shara ta ce 'yata ce ta dafa ba.

Na san bai dace in rubuta wannan ba. Ai ga shi na rubuta.

Laraba, 11 ga Yuni, da azahar

Mzukisi ne ya zo sa ta. Abokin Lwandile ne, tare suka shiga daji aka yi musu kaciya, tare suka fito maza, saboda haka a wurin Mama shi ma ɗa ne, ni kuma Sisi yake ce mini, wato yayarsa. Ta sa na soya masa fanke, na dafa shayi, da kofin baƙi kuma.

Ni a sanina mai gyaran famfo ne. Na tambaye shi wa zai haɗa wutar.

"Ni mana, Sisi Thami. Waya uku ce kacal, ko makaho ya haɗa."

"To, Allah ya sa ba makahon ba ne ya koya maka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mama ba ta yi ba. Ta ce, "Thami, mutum yana aiki kina tsaye masa a ka sai ka ce 'yar sanda."

Ya hau silin ta ƙofar da ke saman baranda. Na ji yana yanka, yana buge-buge. Da ya sauko da tsohuwar, sai na ga ya haɗo har da bututun jan ƙarfe na zamanin Baba, ya naɗe su ya jefa a bayan motarsa. Ya ce sun tsufa, ya sa na roba, su ake yayi yanzu. Na san inda jan ƙarfen zai kwana, kowa ya san nawa masu awo ke sayen kilo.

Laraba, da magariba

Abin da na gani da idona ke nan, in rubuta kafin a ce na ƙirƙira.

A akwatin wutar da ke kicin akwai makunnin da Baba ke kira mai gadi, wanda ke faɗuwa da kansa in wuta ta ɓalle ta bi inda bai kamata ba. Mzukisi na kunna hitar, mai gadi ya faɗi, gida ya yi duhu. Ya ɗaga, ya sake faɗuwa. Ya ɗaga, ya faɗi. Ya yi tsaki, ya kwance murfin akwatin, ya zare wata waya daga nan ya cusa can. Ya kunna, shiru, komai ya zauna.

Na ce, "Me ka yi masa?"

"Tsoho ne, ya cika tsoro. Na zagaye shi."

"Ba don ya ga wani abu yake faɗuwa ba?"

"Sisi, ke kin san tukunya, ni na san waya. Kowa ya riƙe tasa."

Mama tana falo, ta ji, ta yi dariya.

Alhamis, 12 ga Yuni, da safe

Ta yi wanka ita kaɗai. Na tashi da duku-duku kamar kullum, har na ɗora tukunya, sai na tuna. Na sauke.

Alhamis, da la'asar

Matan coci sun zo bayan taronsu, da jajayen rigunansu da fararen huluna, su bakwai ko takwas. Mama ta jera su suka shiga banɗaki ɗaya bayan ɗaya suna tara hannu a ruwan zafi sai ka ce ba su taɓa gani ba. MamCirha, maƙwabciyarmu, ta ce wa Mama, "Kin haifi ɗa, MamTshawe. Namu sai dai su turo hoton abincin da suke ci." Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma Thami kin huta. Yanzu sai ki samu lokacin gyara kanki, ko wani ya sake dubowa."

Suka kwashe da dariya. Na zuba musu shayi. Na MamCirha ban sa sukari ba, kuma da gangan.

Asabar, 14 ga Yuni, da safe

Famfon banɗaki ya ja ni. Na shiga ba takalmi, ƙasa a jiƙe, na kama kan famfon wanka, sai na ji wani zir ya bi yatsuna har gwiwar hannu. Ba mai ƙarfi ba, kamar tururuwa ta bi ta cikin jijiya. Na saki. Na sake taɓawa da bayan hannu, ya sake.

Abin kunyar shi ne, kafin tsoro ya zo mini, daɗi na fara ji.

Asabar, da hantsi

Na faɗa wa Mama. Tana tsintar wake da hannunta mai lafiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni bai ja ni ba."

"Mama, wuta ce. Ki bari in kira Zukiswa ta duba." Zukiswa 'yar MamCirha ce, aikin wuta take yi a masana'antar motoci, da takardunta da komai.

"Ki kira 'yar MamCirha ta hau rufina ta duba kyautar ɗana? Kafin ta sauko, duk coci an ji. Ba a gidana ba."

"To in kira wani daban."

"Mzukisi ɗan'uwan Lwandile ne na daji. In kin ce aikinsa ba kyau, Lwandile kika zaga. Yatsunki ne suka tsage da sanyi, ki shafa mai."

Gidanta ne. Ta tuna mini, ko da yake ban manta ba.

Litinin, 16 ga Yuni, da azahar

Na kira Mzukisi a ɓoye. Ya ce sabuwar hita haka take, sai ta saba da gida. Na ce hita ce ko amarya? Ya ce zai leƙo. Bai leƙo ba, amma ya samu lokacin kiran Kapa.

Litinin, da yamma

Lwandile ya kira. Ya fara da Mama kamar kullum, suka yi ta hira tana ƙyalƙyala dariya irin wadda ba ta yi da ni, sannan ta miƙo mini.

"Sisi, me ke faruwa? Mzu ya ce kina ta binsa da magana."

"Famfon yana jan mutum."

"Mama ta ce ita ba ta ji komai ba."

"Mama ko dutse ka aiko mata za ta ce burodi ne."

Sannan ya sassauta murya, irin muryar da ake yi wa marar lafiya. "Na san kina wahala, Sisi. Na san abubuwa ba su zo miki da sauƙi ba. Don in rage miki nauyi na saya."

Da ya zage ni da ya fi mini.

Talata, 17 ga Yuni, da asuba

Na kashe makunnin hitar tun jiya. Kowa a layin nan yana kashe tasa don kada ta cinye katin wuta, ba wanda zai ce na yi wani abu. Da safe Mama ta buɗe famfo, ruwa kamar ƙanƙara. Na ce wataƙila an ɗauke wuta muna barci. Tukunyata kuwa tana kan murhu, ta riga ta tafasa.

Na cuɗa mata baya. Ta rame a kafaɗa. Ta ce, "A hankali mana," sannan ta ce, "Can ƙasa kaɗan, yawwa." Muka yi hirar wata ƙanwar Baba da ta taɓa faɗawa randar giya a wurin biki, muka yi dariya har ta sarƙe. Rabon da mu yi haka an kwana biyu.

Alhamis, 19 ga Yuni

An sake ɗauke wuta muna barci. Haka na ce.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan coci

A wa'azi na yi ta tambayar kaina: don kada wuta ta ja ta nake kashewa, ko don ta riƙa kiran sunana da safe? Na juya tambayar gaba da baya. Famfon dai yana ja, wannan ba ƙarya ba ne, jiya ma na kunna na gwada da bayan hannu. Amma da zai daina ja gobe, ban tabbata zan yi murna ba.

Kishi nake yi. Da ƙanena, wanda na goya, na wanke masa kashi. Da tankin ƙarfe ma kishi nake yi, mace mai shekara arba'in da wani abu.

Laraba, 25 ga Yuni, da la'asar

Na je asibiti karɓo maganin Mama, layi har waje. Da na dawo na tarar da makunnin hitar a sama, madubin banɗaki da tururi. Mama na zaune a falo tana ƙamshin sabulu, sandarta a jingine kusa da ita.

"Wa ya kunna?"

"Sandata tana kaiwa."

"Mama."

"Kin ɗauka ban san wa ke ɗauke wutar gidan nan ba? Ni na haife ki."

Na ce mata zan iya dawowa wata rana in tarar da ita a ƙasa. Ta ce kowa a ƙasa zai ƙare. Ta ƙara sautin rediyo.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na leƙa silin da tocila, na hau kan tebur na ɗora kujera. Ban san waya ba, gaskiyar Mzukisi ce. Amma na ga wata mai kore da ruwan ɗorawa tana reto, bakinta bai kama komai ba. Na ga murfin gefen tankin a karkace, ya danne wata waya, an naɗe da baƙin salatif. Na ga bawon lemu da kwalbar da ya sha ya bari.

Na ɗauki hoto na tura wa Lwandile. Ya gani. Bai amsa ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Ya amsa. Ya ce ya nuna wa Mzu, Mzu ya ce wayar rara ce.

Talata, 1 ga Yuli, da yamma

Mama ta kai ƙarata. Ina kicin ina jin ta a waya da Lwandile: "Kullum ruwan sanyi, ɗana. Kashewa take yi. Ban san me na yi mata ba."

Da ta miƙo wayar, wannan karon ba muryar marar lafiya.

"Sisi, ki ji tsoron Allah. Tsohuwa, cikin sanyin nan?"

"Da ruwan zafi nake mata wanka."

"Na bokiti. Don a ce ke ce. Kin san me ke damunki? Ba ki son a ce wani ya yi mata abu in ba ke ba. Tun muna yara haka kike. Ko keken da Baba ya saya mini sai da kika ce birkinsa ba kyau."

"Birkinsa ba kyau ɗin ne. Ka manta haƙorinka?"

"Ina zuwa ranar Asabar. Ni da kaina zan kunna ta, in ga wanda zai kashe."

Rabin abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya fi ƙona mini rai.

Alhamis, 3 ga Yuli

An sa ni wanke labule saboda yana zuwa.

Asabar, 5 ga Yuli, da yamma

Ya iso da motar haya daga filin jirgi, ya yi ƙiba, ya kawo wa Mama bargo mai laushi, ni kuma turare. An yanka kaza biyu. Na dafa masara da wake tun safe saboda shi ne abincinsa, Mama ta ce masa, "Na sa an dafa maka." An dafa. Tukunyar ce ta dafa kanta.

Yana ajiye jaka ya wuce kicin, ya ɗaga makunnin hitar, ya yanko salatif ya manne shi a sama. Ya kalle ni.

Ya ce ya gaji, sai da safe zai yi wanka kafin coci. Ya ce, "Ni zan fara shiga, Sisi, in ji wannan dodon naki."

Na ce to.

Zan iya ɓare salatif ɗin. Ba zan ɓare ba. Lwandile tun yana yaro ba ya shiga wanka da takalmi. So nake ya ji zir ɗin nan har gwiwar hannu, ya fito da tawul a ƙugu yana rarraba ido, ya ce Sisi ashe da gaske ne, a gaban Mama. Kaɗan kawai nake so ta ja shi. Ubangiji ya san kaɗan nake nufi.

Lahadi, 6 ga Yuli, da rana

Ba mu je coci ba.

Ina kicin da safe ina yanka burodi na ji an rufe ƙofar banɗaki, ruwa ya fara zuba. Na ajiye wuƙa. Na tsaya ina saurare, har da murmushi, in faɗi gaskiya. Ina jiran ihunsa.

Sai ga Lwandile ya shigo ta ƙofar baya daga ɗakin waje, yana hamma, yana tambaya ko akwai shayi.

Ban san yadda na kai akwatin ba. Ban tsaya ɓare salatif ba, babban makunnin na danne, gidan duka ya mutu. Na yi banɗaki da gudu, na banke ƙofar da kafaɗa, sakatar dama ba ta da ƙarfi, na shiga na mayar da ita a bayana.

Mama na tsaye a ƙarƙashin ruwa, lafiyarta lau. Ba komai a jikinta sai dogayen takalman roba na Baba, waɗanda yake shiga lambu da su, sun kai mata har gwiwa. A hannunta na dama kuma safar roba ce, ruwan ɗorawa, ta wanke-wanke. Na hagun ta maƙale shi a ƙirji, ba ta iya sa masa ba.

Muka kalli juna. Na rufe famfon.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Rage murya."

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun ranar farko. Famfon ya jefar da ni jikin bango." Ta nuna mini ƙugunta, inda ta yi ta rufewa da tawul in ina cuɗa mata baya, wurin ya riga ya koɗe ya zama kore. "Na so yau ya ga na yi wanka da kaina da abin da ya saya. Shi ke nan."

"Kika bar shi yana ce mini maƙaryaciya. Kika kai ƙarata."

"Thami." Ta kama hannuna da safar nan mai sanyi. "Kada ki faɗa masa. Wannan ne abu na farko da ya yi wa gidan nan tun rasuwar ubanku, bai zo jinya ba, abin yana cinsa. In ya ji kyautarsa ta kusa kashe ni, ba zai sake iya kallona ba. Ke kina iya ɗauka. Ke kullum kina iya ɗauka. Shi ba ya iyawa."

Lwandile na buga ƙofa yana tambaya lafiya. Mama ta ɗaga murya ta ce lafiya lau ɗana, santsi ne ya so ya kwashe ni.

Na zaunar da ita a bakin baho, na tsane ta, na cire mata takalman ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya cika su. Na naɗe ta a tawul. Tana ta kallon fuskata, ta ɗauka na yarda, don ban taɓa ƙi ba.

Na ɗauki takalman da safar na fita. Na ajiye su a kan teburin kicin, kusa da burodinsa, suna ɗiga.

Na ce, "Kayan wankan uwarka ke nan."

Ya kalle su, ya kalle ni. Ya ɗaga safar da yatsa biyu. Na ga lokacin da ya gane. Ya zauna a ƙasa, a nan kan simintin kicin, da wandon barcinsa.

Na yi mako uku ina jiran ganin fuskar nan. Ba daɗi ko kaɗan.

Litinin, 7 ga Yuli, da la'asar

Shi da kansa ya je ya kira Zukiswa. Ta hau, ta jima, ta sauko fuska a ɗaure. Murfin ya yanke rigar wayar, wuta na taɓa jikin tankin, wayar ƙasa da za ta kwashe ta ba a haɗa ba, mai gadi kuma an zagaye shi. Lwandile ya nuna mata takalman. Ta ce masa, "Bhuti, yayana, ruwan da ke zubo mata a ka fa? Takalmi ya hana wannan?" Ta gyara komai kafin azahar, ta danna wani ɗan maɓalli, mai gadi ya faɗi, ta ce haka ake so.

Lwandile ya kira Mzukisi a bayan gida. Ban ji duka ba. Na ji ya ce, "Uwata ce, Mzu," sau biyu.

MamCirha ta riga ta sani, ba sai an faɗa ba.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Ya tafi. A bakin mota ya ce, "Sisi," ya tsaya, ya rungume ni da ƙarfi har ƙashina ya yi ƙara. Wurin Mama kuwa a tsaye ya yi sallama, idonsa a kan bargo, ya ce jirgi ba ya jira. Ta miƙa hannu, ya riƙe kaɗan ya saki.

Ta bi motar da kallo har ta sha kwana. Sannan ta kalle ni.

Alhamis, 10 ga Yuli

Bai kira ba. Ta ajiye wayar a cinyarta tun safe, ko taron coci ba ta je ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

Ni ya kira. Ya tambayi jikinta, maganinta, ko tana cin abinci. Na ce ga ta nan kusa, in ba ta? Ya ce yana tuƙi, zai sake kira.

Shekara da shekaru ina so ya zama ni ake fara kira.

Lahadi, 13 ga Yuli, da asuba

Ruwa na zuba a banɗaki, da zafinsa, ba abin da zai ja ta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Mama, in zo in cuɗa miki baya?"

Ta ce, "Na iya."

Ina nan tsaye har ta gama, ko za ta kira.